Yadda Za Ka Ƙwato Manhajarka Daga Ɓarawo Kafin Ƙwai Su Dahu

Kai da ka kwashe wata takwas kana rubuta manhaja, ka saka ta a intanet kyauta don mutane su amfana, sai wata rana ka tarar da ita cikin akwatin wani kamfani, an goge sunanka an manna hoton zakara a gurbinsa: share hawayenka, ka zo wurin gwani. Sunana Elikem. Na yi wannan yaƙi sau ɗaya tak, a garin Teshie da ke bakin teku, kuma sau ɗayan nan ya ishe ni koyar da duniya. Ka bi matakan nan tara ba tsallake, na yi maka alkawarin nasara. Ba wanda ya taɓa bin su ya faɗi. Gaskiya ne ba wanda ya taɓa bin su sai ni, amma kada wannan ya dame ka.

Kafin mu fara, tuna abin da aka yi maka. Manhajarka kyauta ce amma da sharaɗi, sharaɗin kuwa yana rubuce a lasisin da ka liƙa mata. Nawa lasisin, wanda ake kira GPL, cewa ya yi: ɗauki, gyara, ka sayar ma in ka ga dama, amma kada ka goge sunayen waɗanda suka rubuta, kuma kada ka ɓoye asalin rubutun. Duk wanda ya karya wannan, ɓarawo za mu kira shi a darasin nan, ko da kwat yake sawa.

Mataki na ɗaya: Gane ɗanka ta wurin muninsa

Kada ka ɓata lokaci neman sunanka, shi ake fara gogewa. Nemi kuskurenka. Ɓarawo yana goge suna, amma ba ya gyara kuskure, don bai san yana nan ba.

Ga yadda nawa ya kasance. Anti Adjeley ta shekara talatin tana ƙyafe kifi har hayaƙi ya fara cin idonta, likita ya ce ta bari. Ta tattara abin da take da shi ta sayi na'urar ƙyanƙyasa, ta zuba ƙwai ɗari uku da sittin. In suka fashe, ta sami sabuwar sana'a. In suka lalace, sai ta koma bakin murhu da idon da ya rage mata. Tana da 'ya, Lamiley, mai aiki a kantin magani, wadda in ta ɗaga gira ɗaya nakan manta sunan unguwarmu. Saboda haka ba mamaki ranar da ƙwan suka kwana huɗu a na'ura na bi ta gidan, wai hanya ce ta biyo da ni.

Ina zaune aka ɗauke wuta, can aka dawo da ita. Ba a jima ba Anti ta ƙwala mini kira daga baranda.

"Bra Elikem! Kai da ka san kayan wuta, zo ka duba min. Na'urar ƙyanƙyasa na saya ko tukunya?"

Zafin da ƙwai ke so digiri talatin da bakwai da rabi ne. Fuskar na'urar tana nuna arba'in da ɗaya, kuma tana hawa. Muka wangale ƙofarta, Anti na fifita da murfin bokiti, ni kuwa ina kallon agogo. Minti arba'in cif, sai zafin ya tsaya da kansa.

Minti arba'in. Ni na rubuta lambar nan da yatsuna. Lokacin da na fara manhajar, a cikin mataccen firiji na gwada ta, da ƙwan fitila ɗaya mai raunin zuciya wanda sai ya yi minti arba'in kafin ya ɗumama wurin. Sai na umarce ta: duk sa'ad da wuta ta dawo, hura zafi minti arba'in, kada ki ma dubi ma'auni. A firijina wannan hikima ce. A na'urar kamfani, mai ƙarfen zafi irin na dutsen guga, girki ne.

Mataki na biyu: Kame bakinka

A nan na yi kuskure, don haka kai kada ka yi. Farin cikin ganin abin da na haifa yana aiki cikin akwati mai fenti ya rufe mini ido, na dafa ƙirji na ce, "Anti, wannan manhajar tawa ce! Ni na rubuta ta!"

Ta daina fifita. Ta dube ni daga silifas har zuwa gashi.

"Au. Ashe kai ne mai dafa min ƙwai."

"A'a, Anti, sace ta aka yi."

"Da aka sace ta, dafuwar a ciki take ko su suka ƙara?"

Lamiley ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Ka riƙe wannan: mutumin da ƙwansa ke kan wuta ba ya sha'awar tarihin haƙƙin mallaka.

Na yi saurin cewa ai tun bara na gyara wannan kuskure, layi uku ne kawai, yanzu zan saka. Na ciro kwamfutata na jona. Na'urar ta ƙi. Kamfanin ya sa mata irin makullin da ido ba ya gani: ba ta karɓar wata manhaja sai wadda aka buga wa hatiminsu. Tsohon rubutuna suka kwasa, mai ciwon, suka rufe ƙofa a kansa. Ga magani a hannuna, ga majinyaci a gabana, ba halin in ba shi. Cire ta daga wuta ma ba dabara ba ce, don da ka mayar sai ta fara sabon minti arba'in.

Daga ranar Anti ta daina zuwa ko'ina. Ba coci, ba jana'iza, ba kasuwa. Tana zaune kusa da na'urar da murfin bokiti a cinya, tana jiran a dawo da wuta kamar mai jiran maciji ya fito daga rami.

Mataki na uku: Rubuta wasiƙa, sannan ka ba wani ya yanka ta

A al'adarmu ta masu sakin manhaja kyauta, ba a fara da kotu, ba a fara da zagi a dandali. Wasiƙa ake fara aikawa cikin ladabi, don abin da ake so shi ne mutum ya gyara, ba a kashe shi ba.

Tawa ta kai shafi shida. Na zuba duk abin da na tara daga littattafai. Na kwatanta manhajata da rijiyar da aka haƙa wa gari wani ya kewaye ta da katanga. Na kwatanta kaina da uban da ya ga 'yarsa a kasuwa an canza mata suna. A shafi na huɗu ni kaina sai da na tsaya na fyace hanci.

Lamiley ta karanta a tsaye, da rigar aikinta.

"Elikem, wannan wasiƙar ƙorafi ce ko so kake ya aure ka?"

Ta mayar da ita layi biyar: ga manhajar, ga lasisin, ga abin da kuka karya, ku saki rubutun, ku ba da hatimin. Muka aika a kwana na biyar. Amsar lauyansu ta zo a kwana na bakwai, ita ma gajera. Ba su amsa laifi ba, amma sun lura lasisin yana ba mai laifin farko kwana talatin ya gyara, kuma za su yi nazari.

Ga darasi mai zurfi: waɗanda suka rubuta lasisin nan masana ne, amma ba su taɓa kiwon kaji ba. Lauya yana da kwana talatin. Ƙwai kuwa kwana ashirin da ɗaya gare shi, kuma bakwai sun tafi.

Mataki na huɗu: Je ka gan shi ido da ido

Sa takalmi rufaffe. Ni ban sa ba.

Trotro biyu na hau, wato ƙananan bas na haya, kafin na kai ofishin kamfanin, wanda ba zan ambaci sunansa ba, don yanzu mun shirya. Mai kamfanin, Mista Agyekum, mutum ne mai fara'a da zobe a yatsu uku. Ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, ya saurare ni har ƙarshe yana kaɗa kai.

"Chairman," ya ce, "injiniyana ne ya rubuta wannan abu tun daga farko har ƙarshe. Ban taɓa jin sunanka ba."

"Yallaɓai, minti arba'in ɗin nan..."

"To mu ɗauka ma naka ne. Ba kai ka ce kyauta ba ne?"

"Kyauta ne amma da sharaɗi."

"Kyauta da sharaɗi!" Ya yi dariya har da buga tebur. "Chairman, in ka ajiye buhun shinkafa a bakin titi ka rubuta kowa ya ɗiba, sai kuma ka biyo ni gida ka ga yadda na dafa?"

Amsar wannan tana da kyau ƙwarai, kuma ta zo mini a cikin trotro na biyu, wajen Nungua. Kai ka tanadi taka tun daga gida.

Mataki na biyar: Zauna, ɓarawo zai zo neman taimako

Wannan shi ne sirrin da ba kowa ya sani ba. Duk manhajar kyauta tana da shafi a fili inda masu amfani da ita ke kawo ƙorafi, kowa na gani. Mu kuma masu rubuta manhaja akwai wata ɗabi'a da ta bi jininmu: in abu ya ƙi aiki, hannunmu da kansa yake zuwa wannan shafi, tun kafin ƙwaƙwalwa ta farka.

A kwana na tara da hantsi wayata ta yi ƙara. Sabon ƙorafi a shafina:

"Barka da aiki. Na'urorinmu suna dafa ƙwai in an dawo da wuta. Abokan ciniki na ta kira. Don Allah a taimaka da gaggawa. Na gode da wannan manhaja mai kyau."

Sa hannu: Ebo Quansah, injiniya. Da adireshin imel na kamfanin. Har ya haɗo da hoton cikin na'urar, ga zakaran nan ɓaro-ɓaro.

Na yi rawa a tsakar ɗaki. Kafin azahar mutane daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba sun cika shafin, wani na tambayar ina rubutun, wani na manna hoton dafaffen ƙwai. Na ruga Teshie in kai albishir.

"Anti, mun kama su! Ga shaida a rubuce!"

"Shaidar tana hana zafi?"

"A'a, amma..."

"To karɓi murfin nan, hannuna ya gaji."

Mataki na shida: Kada ka ci abinci da abokin gaba

In ka ci, za ka ga mutum ne. Ebo ya nemi mu haɗu, muka zauna wajen mai kenke, tuwon masaran nan da ake naɗewa a ganye a ci da kifi, a kwana na goma sha ɗaya. Na zo da fuskar alƙali. Na tarar da magidanci mai 'ya'ya biyu, idonsa duk ya faɗa, yana ɓare ganyen kenke kamar mai neman gafara a ciki.

"Chale, abokina, sati biyu aka ba ni in haɗa na'ura," ya ce. "Na faɗa wa oga a saka sunanka. Ya ce suna ba ya ƙyanƙyashe ƙwai. Hatimin kuma a wurinsa yake, ni ko ganinsa ba na yi."

Na fara jawabin da na shirya a kan amana. Ya bari na kai tsakiya, sannan ya goge hannu ya turo mini wayarsa.

"Ba don in ɓata maka rai ba. Amma lauyan oga ya sa na bincika, kuma gobe zai yi amfani da shi. Ɓangaren nan da ke karanta ma'aunin zafi, kai ka rubuta?"

Na ajiye kifin da ke hannuna. Ban rubuta ba. Shekara biyu da suka wuce na samo shi a intanet, aikin wata mata ce, Madam Bozena, tsohuwar malamar makaranta a Poland, wadda ta rubuta shi don auna ɗumin amyar zumarta. A samansa akwai layi goma sha biyu: sunanta da sharaɗinta. Na ga sun cika mini fuskar kwamfuta, na share su don wurin ya yi tsaf, da niyyar in mayar daga baya.

Ebo ya tura mini sauran shito, soyayyen barkonon da ake cin kenke da shi. "Ci, chale. Dukanmu a mota ɗaya muke. Kai dai ka riga ni hawa."

Mataki na bakwai: Wanke hannunka, kuma ka yi sauri

Ba wani wayo a nan. Na mayar da layukan goma sha biyu, na rubuta a shafina a fili cewa ni na goge su kuma ban kyauta ba. Sannan na rubuta wa Madam Bozena. Wannan karon da kaina na tsaya a layi biyar, kunya ta yi mini aikin Lamiley.

Washegari ta amsa. Ta ce ta gode, ta yafe, ba ta taɓa zaton abin da ta yi wa ƙudan zuma zai kai ga kaji a Afirka ba. Ta ce in sun fashe a aiko mata da hoto. Na karanta sau huɗu. Na zaci za ta tsine mini, sai ga shi tana tambayar lafiyar ƙwai. A nan na yi kukan da ya fi na shafi na huɗu gaskiya.

Da wasiƙar lauya ta iso tana cewa mai ƙorafin ma ɓarawo ne, duniya ta riga ta ji daga bakina. Amma hatimi dai bai fito ba, ga kwana goma sha uku sun wuce, kuma a satin nan kullum sai an ɗauke wuta sau biyu.

Mataki na takwas: Karanta lasisinka har ƙarshe, ko ka so wadda za ta karanta

Zan faɗa maka abin da masu manhaja ba sa faɗa: yawancinmu ba mu taɓa karanta lasisin da muke kuka a kansa ba. Mukan liƙa shi ne kamar laya. Lamiley kuwa aikinta ke nan, karanta 'yan ƙananan rubutun da ke cikin kwalin magani wanda kowa ke jefarwa. Ta buga lasisin a takarda, ta zauna da jan biro a barandar uwarta.

"Elikem, wa ya ce maka kai kaɗai ke da bakin magana?"

"Ni ne marubucin."

"Nan cewa aka yi duk wanda aka sayar wa na'ura irin ta gida, dole a ba shi rubutun, da duk abin da ake bukata don ya saka gyara a cikinta. Wanda ya saya. Kai ka sayi wani abu?" Ta juya. "Maa, ina rasit ɗinki?"

Anti ta zaro shi daga cikin Littafi Mai Tsarki, a ninke huɗu.

Ashe ba ita kaɗai ba ce. Mata goma sha ɗaya a ƙungiyarsu sun sayi irin na'urar, kuma ɗaya daga cikinsu, da ta tafi jana'iza garin Ada ta kwana biyu, ta dawo ta tarar da nata ƙwan duka sun lalace. A kwana na goma sha biyar Lamiley ta ɗauki hutu ta karɓi murfin bokiti. Mata goma sha biyu suka ɗaura zane iri ɗaya suka cika trotro, ni a kujerar baya da kwandon ruɓaɓɓun ƙwai a cinya.

Ba su yi ihu ba. Suka shiga ɗakin da ake nuna kaya, inda masu saye ke zagayawa, suka jawo kujeru suka zauna. Anti ta ɗora kwandon a kan na'urar da ta fi kowace kyau, ta yaye zanen da ke rufe da shi. Mista Agyekum ya fito da hankici a hanci.

"Iyayena, lafiya? Me kuke so?"

Anti ta miƙa rasit. "Rubutun da hatimin."

"Mama, kin san ma mene ne?"

"Ban sani ba. Amma 'yata ta karanta, an ce nawa ne. A ba ni."

"Lauyana ya ce muna da kwana talatin."

"Ba komai, ɗana. Mu ma ba ma sauri." Ta juya ga sauran. "Ku fito da abincin."

Da ya ga an fara kwance ƙullin kenke, masu saye kuma sun fara tambayar me ke cikin kwandon, bai kai minti ashirin ba ya kira Ebo ya miƙa masa hatimin. Ni kuwa, marubuci, mai haƙƙi, mai shafi shida, ban ce uffan ba tun da muka shiga. Ka koyi wannan salon, yana da wuya amma yana aiki.

Mataki na tara: Saka gyaran, sannan ka jira kamar kowa

Da yammacin ranar ni da Ebo muka durƙusa gaban na'urar Anti. Layi uku. Muka kashe ta muka kunna. Zafin ya hau a hankali, ya kai talatin da bakwai da rabi, ya tsaya cak kamar yaro mai tarbiyya. Cikin satin kamfanin ya saki rubutun a fili, da sunan Madam Bozena a sama, nawa a ƙarƙashinsa.

A kwana na ashirin da safe Lamiley ta kira ni ta ce in zo in ji wani abu. Na kara kunne a jikin ƙofar. Daga cikin ɓawon da bai ko tsage ba, wata 'yar murya tana tsiwa. Na karanta littattafai da yawa a kan soyayya da teku da mutuwa, ba wanda ya gaya mini cewa ɗan tsako yana fara magana tun kafin ya ga duniya.

Washegari ɗari uku da talatin da ɗaya suka fito. Ashirin da tara ba su motsa ba. Na fara cewa ai laifin kamfanin ne, Anti ta ɗaga hannu.

"Shi ya kulle ƙofa, na ji. Wutar wa ya hura?"

"Ni ne, Anti."

"To. Ɗauki fartanya ka binne su a bayan gida. In ka gama ka wanke hannu ka zo ka ci abinci. Asabar kuma za ka bi mu gida-gida, sauran na'urori goma sha ɗaya na jiranka." Ta kalli 'yan tsakin. "Lamiley, zuba masa da kan kifin."

Sanarwa

Wannan shawara na ba ka ita yadda take, ba garanti kowane iri, na fili ko na ɓoye. In ka bi ta lauya ya maka ka a kotu, ko ɓarawonka ya ƙi kawo ƙorafi a shafinka, ko aka tono sunan da kai ma ka goge, ko ka duba unguwarku kaf ba ka sami mata goma sha biyu masu zane iri ɗaya ba, ba ruwan Elikem, ba ruwan magadansa. In kuma naka ƙwan sun dahu, ka ɓare ka sa gishiri. Kada ka kira ni ranar Asabar. Ina cikin trotro, an matse ni tsakanin Anti da 'yarta, kuma ko wayar ta fashe ba zan motsa ba.